Yaron da ke gudun fo: abin da aikin raino ya koya mini

A aikin rainon yara, nakan haɗu da iyayen da hankalinsu ya tashi saboda ɗansu ya doshi shekara 3 amma da ya hango fo sai ya ruga a guje. Kusan dukansu taurin kai suke kira. Abin da idona ya gani kuwa, galibi tsoro ne, kuma tsoron yana da mafari.

Sau da yawa mafarin shi ne taurin bayan gida. Yaro ya taɓa yin kashi mai tauri ya sha zafi, daga ranar sai ya fara riƙewa. Za ka gan shi ya laɓe a bayan ƙofa, ya yi ɗage, ya matse cinyoyi, ya murtuke fuska. Mai kallo zai zaci nishi yake, alhali hana kashin fita yake yi. Muddin kuma kashi na zaune a hanji, hanjin na ci gaba da zuƙe ruwansa, ya ƙara tauri, zafin gaba ya fi na baya. In ba a warware wannan ba, lallashi da alkawarin kyauta duk aikin banza ne. A yawaita masa ruwa da 'ya'yan itatuwa, in ya ƙi sauki ko aka ga jini, a kai shi ga likita.

Tun 1962 likitan yara na Amurka, T. Berry Brazelton, ya ba da shawarar a jira sai yaro ya nuna ya shirya, kuma aiki ya gaskata mini hakan. Yawancin yara kan shirya ne tsakanin wata 18 da shekara 3. Ana ganewa idan kunzugunsa na kai awa 2 a bushe, yana damuwa in ya jiƙe, yana iya zame wandonsa da kansa.

Nakan zaunar da yaro jim kaɗan bayan ya ci abinci, domin lokacin ne hanji ke motsi, kuma ba ma wuce minti 5. Tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai. Yaron da ƙafafunsa ke lilo a kan masai ba ya iya yunƙuri, ga fargabar faɗawa. Wanda ya tsorata ƙwarai, nakan bar shi ya zauna da wandonsa tukuna, ya saba.

Abin da ke sosa mini rai shi ne tsawa da gori idan yaro ya ɓata jikinsa. Kunya ba ta koya masa komai sai ɓoyewa. In an yi masa ƙane ko an sauya gida ya koma baya, a ɗan dakata makonni a sake gwadawa. Fitsarin kwance kuwa daban yake: jiki ne ke daina shi da kansa, kuma yara da dama kan wuce shekara 5 kafin su riƙa kwana a bushe.