Wuyan rigar da na ɓata

A 2015, shekarar da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, na zauna mata karo na biyu. Makin da na samu cikin 400 bai kai ni ko'ina ba. Abokaina biyu suka shiga Jami'ar Jihar Gombe, ni kuwa in na bi ta Tudun Wada na hango ƙofarta sai in kawar da kai. Kawuna ne ya kama hannuna ya kai ni shagon wani tela a Jekadafari, ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, a koya masa abin da zai riƙe kansa."

Na shiga shagon ne da hukuncin da na riga na yanke wa kaina, cewa kaina ba ya ja. Watannin farko aikina shara, guga, ɗaura maɓalli da naɗa zare a ƙwarƙwaro. Daga baya aka ɗora ni kan wani tsohon keken Butterfly, ina taka shi ina bin layin alli a kan ƙyalle har ƙafata ta daidaita. Ɗinki bai ba ni wuya ba. Yanka nake tsoro, domin ɗinki in ya karkace a farke a sake, amma abin da almakashi ya ci ya tafi ke nan.

Azumin 2016 ya kama a watan Yuni. Wanda ya san shagon tela a goman ƙarshe ya san yadda ake kwana a kan keke, kaya jibge har saman tebur, masu kaya suna sintiri bayan asham. Cikin wannan hali Maigida ya miƙo min farar shadda gezna yadi biyar ta wani Alhaji, ya ce in yanka kaftani. Na auna, na sa alli, hannuna na rawa. Da na zo wuya sai na manta ban bar rarar ɗinki ba, na bi layin awon daidai na yanke. Aka haɗa riga, wuya ya buɗe ya sauko wajen kafaɗa. Ita kuma shadda ba ta rufa asiri, ko farke ɗinki ka yi sawun allura yana nan a jikinta.

Na ajiye almakashi na tafi gida, kwana huɗu ban leƙa shago ba. Na gaya wa Inna cewa na haƙura, zan nemi Keke Napep in riƙa ja. Har yau ina tuna abin da nake faɗa a raina a kwanakin nan: boko ya ƙi ni, sana'a ma ta ƙi ni, ashe matsalar a jikina take. Wannan tunanin shi ne ya fi wuyan rigar ɓaci. Kuskure ɗaya na rabin inci na ɗauka na haɗa da sakamakon jarrabawa, na mai da su shaida a kaina, alhali babu abin da ya haɗa su sai zuciyata.

Ranar ta biyar Maigida ya zo gidanmu da kansa bayan la'asar, da rigar a leda. Ya gaisa da Inna, sannan ya buɗe ya nuna min. Ya kai wa mai aikin wuya, an yi mata faffaɗan aiki da zare ruwan toka wanda ya cinye ɓarnar, kuma ya gaya wa Alhaji gaskiyar abin da ya faru, ya cire kuɗin aikin daga aljihunsa. Ya ce, "Ɗana, ɓarnar shadda na biya. Gudun da ka yi ne ban san yadda zan biya ba. Gobe ka zo da wuri."

Bai sake ba ni shadda ba sai bayan Babbar Salla. Tsofaffin jaridu ya tara min. Kowace safiya kafin mutane su fara zuwa, in shimfiɗa jarida, in auna da tef, in zana wuya, in bar rabin inci, in yanka. Ya duba, wani ya yage, wani ya ce madalla. Daga jarida muka koma ragowar yadi, daga nan kayan makaranta na yara, waɗanda iyayensu ba sa tsananta bincike. A nan na gane cewa tsoron da nake kira rashin baiwa, rashin maimaici ne kawai. Hannun da ya yanka wuya sau ɗari ba ya rawa a na ɗari da ɗaya.

Yanzu ina da shagona a Pantami, keke uku da yara biyu masu koyo. Kwanakin baya ƙaramin ya yanke hannun riga ya gaza da inci guda, na ga idonsa ya kawo ruwa yana kallon ƙofa. Na ce ya zauna. Na jawo jaridun da nake ajiyewa ƙarƙashin tebur, na miƙa masa tef da alli, na ce ya auna min hannun nan tun daga kafaɗa.