Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Blaenau Ffestiniog, Garin da Dutse Ya Kafa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya a inda zama ya kai ni arewacin Wales, a ƙasar Birtaniya. Yau zan jingine labarin kaina, in yi muku bayanin garin shi kansa, domin wanda bai san yadda Blaenau Ffestiniog yake ba, ba zai gane abin da zai biyo baya ba.

Garin yana gundumar Gwynedd, a cikin wani kwari da duwatsu suka yi wa ƙawanya. Ta yamma akwai Moelwyn Mawr mai tsayin mita 770, ta gabas Manod Mawr, ta arewa kuma titin A470 ne ke hawa ya ratsa wata mashiga tsakanin tsaunuka ya gangara Betws-y-Coed. Iskar da ke tasowa daga teku a kan waɗannan duwatsu take fara sauke ruwanta, shi ya sa garin yake cikin waɗanda suka fi shan ruwan sama a Wales baki ɗaya. Amma baƙo ba ruwan ne ke fara ɗaukar hankalinsa ba. Tsibin ɓaraguzan dutse ne, ruwan toka mai duhu, da suka yi tsiri a bayan gidaje har sun kere rufinsu nesa ba kusa ba. Ba halittarsu ke nan ba, hannun mutum ne ya tara su, tarago bayan tarago.

Abin da ake haƙa a nan shi ne dutsen allo, wato dutsen da ke tsagewa falle-falle a yi rufin gida da shi, a da ma har allon 'yan makaranta. Asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙasan teku fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, motsin ƙasa ya matse ta har ƙwayoyinta suka jeru fuska ɗaya. Wannan jeri shi ne sirrin tsagewar.

To, ga abin da ya bambanta Blaenau da sauran garuruwan wannan sana'a, kuma a ganina shi ne mabuɗin tarihinsa duka. A mahaƙun Penrhyn da Dinorwig, can arewa, dutsen yana bayyane a jikin tsauni, sai a yi ta yanka shi hawa-hawa a fili, rana na gani. A Blaenau kuwa jijiyoyin dutsen sun karkata ne da kusan digiri 30, sun nutse cikin cikin tsaunin, da dutse mai tauri marar amfani a samansu. Kwashe wannan na saman ya fi ƙarfin aljihun kowa. Dole aka bi dutsen cikin duhu.

Kafin 1750 babu gari a nan, sai 'yan gonaki da makiyayan tumaki. Wajen 1765 wani mahaƙi mai suna Methusalem Jones ya zo daga yankin Nantlle ya fara aiki a Diffwys. A 1800 William Turner da William Casson, mutanen arewacin Ingila, suka karɓi wurin. Daga baya Samuel Holland na Liverpool ya karɓi hayar fili daga iyalan Oakeley, masu ƙasar, aka sayar da wani sashe a 1825 ga kamfanin da Lord Palmerston yake ciki, wanda ya zo ya zama firaministan Birtaniya. John Whitehead Greaves ya buɗe mahaƙar Llechwedd a 1846, ya yi ta zuba kuɗi har ya kusa tsiyacewa, sai a 1849 ya ci karo da babbar jijiyar da yake nema.

Yadda ake aikin a ƙarƙashin ƙasa ke nan. Da farko masu huda za su fasa hanya a kwance har su iske jijiya. Daga nan su haƙa siririn rami yana hawa sama, yana bin saman jijiyar a ƙarƙashin dutse mai taurin nan, wanda shi zai zama rufi. Sai su faɗaɗa ramin dama da hagu. A nan aikinsu ya ƙare, masu ciro dutse su karɓa su riƙa cin jijiyar har wurin ya zama ƙaton zaure. Tsakanin zaure da zaure ana barin bango na dutse mai kyau, kaurinsa ya kusa faɗin zauren, shi ne ginshiƙin da ke ɗauke da tsaunin. Kuma lalle ne bangon kowane hawa ya zauna daidai kan na ƙasansa. Ka ga ke nan wajen rabin dutse mai daraja a cikin ƙasa ake barinsa, ido na gani. Nan kwaɗayi ke shigowa. Kamfanin da ke aiki a hawan ƙasa na filin Oakeley ya riƙa saran ginshiƙan yana rage musu kauri, sai a ƙarshen 1882 da farkon 1883 tsaunin ya rufta, dutse sama da tan miliyan 6 ya zube. Aka je kotu, kamfanin ya sha kaye, ya rasa wurin. Haɗe mahaƙun filin Oakeley da aka yi bayan nan ne ya sa Oakeley ta zama mahaƙar dutsen allo ta ƙarƙashin ƙasa mafi girma a duniya, hawa 26, da layin dogo na wajen mil 50 a cikinta.

Mai ciro dutse yana aiki ne a kan gangare mai santsi, sarƙa naɗe a cinyarsa don hannayensa biyu su samu sakewa, haskensa kyandir ɗaya da ya liƙa da laka. Kafin zuwan injin huda, da dogon sandan ƙarfe mai kumburi kusa da ƙarshensa yake huda rami: ya ɗaga, ya saki, ya juya kaɗan, ya sake ɗagawa, awa da awanni a kan rami guda. Albarushi ake ɗurawa, ba nakiya ba. Nakiya tana farfasa dutsen ta cika shi da tsagar da ido ba ya gani, sai an kai shi gaban mai tsagawa ya wargaje. Albarushi kuwa tura dutsen yake yi ya ɓalle shi a bisa layinsa. Gwani shi ne wanda ya san daidai inda zai huda da daidai awon da zai zuba. In ya yi kaɗan dutse ba zai motsa ba, in ya yi yawa an yi asarar aikin kwanaki.

A waje, a rumfar sarrafawa, ana yanka ƙaton dutsen da zarto mai juyawa gwargwadon girman da ake so, a miƙa wa mai tsagawa. Yana zaune a ƙasa-ƙasa, ya jingina dutsen a gwiwarsa, ya sa faffaɗan cizal a gefe ya ɗan buga da guduma. Ƙa'idar ita ce kullum a raba biyu daidai, a sake raba kowane rabi biyu, har a kai kaurin 'yan milimita kaɗan. In ka nemi ɓanto siriri daga jikin mai kauri, tsagar za ta karkace ta ɓulle ta gefe. Kuma ba a barin dutse ya daɗe a waje, domin da ɗanyensa, yana da damshin ƙasa, ya fi tsagewa. In ya bushe ko ƙanƙara ta kama shi, ya ƙi. Daga nan a datse gefunan. Girma-girman ma da sunayen matan sarauta ake kiran su: mai inci 24 da 12 Duchess, mai inci 20 da 10 Countess, mai inci 16 da 8 Lady.

A cikin kashi goma na abin da aka fasa, da ƙyar kashi ɗaya ke zama abin sayarwa. Tara ɗin su ne tsibin da na faɗa muku.

Biyan ma'aikata shi ma da irin nasa salo. Mutum huɗu ne galibi ke haɗa gwiwa, biyu a ƙasa biyu a rumfa, su yi ciniki da wakilin mai mahaƙa a kan wani ɓangaren dutse na tsawon mako huɗu. In dutsen marar kyau ne a ƙara musu farashi, in mai kyau ne a rage. A baki adalci ne, amma wakilin shi ke yanke kyau da rashin kyau, saboda haka son kai da cin hanci suka samu ƙofa. Ƙungiyar da ta yi ƙoƙari ta samu da yawa a wannan wata, sai ta tarar an rage mata farashi a wata mai zuwa. Kyandir, albarushi, wasa kayan aiki a wurin maƙeri, duk daga kuɗinsu ake cirewa. Wannan ya sa aka kafa ƙungiyar mahaƙan arewacin Wales a 1874. Masu mahaƙun galibi Turancin Ingila suke yi, ma'aikatan kuwa harshen Wales, kuma har yau mafi yawan mutanen garin da shi suke magana a gida da titi.

Wani binciken gwamnati na 1893 ya gano cewa mace-macen haɗari a tsakanin masu aikin ƙarƙashin ƙasa a nan ya zarce na masu haƙar kwal. Amma wadda ta fi kisa a ɓoye ita ce ƙurar zarto, mai cika huhu sannu a hankali har mutum ya kasa hawa tudun gidansa. Akwai likitocin wancan zamani da suka tsaya kai da fata cewa ƙurar ba ta da illa. Sai a 1979 aka yi dokar da ta ba waɗanda kamfanoninsu suka riga suka rufe damar samun diyya, lokacin da da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan abu har yanzu yana ci mini rai. Duk da haka, mutanen nan a bukkar da suke cin abincin rana suna da shugaba da tsarin zama, suna muhawara kan siyasa da addini, suna gasar waƙa, suna tara gudummawa ga wanda ya ji rauni.

Dutse mai nauyi ne, teku kuma tana da nisa. Da farko a bayan dawaki da amalanke ake sauko da shi zuwa kogin Dwyryd, a loda a ƙananan jirage. Bayan William Madocks ya gina madatsarsa a bakin kogin Glaslyn a 1811, tashar jiragen ruwa ta Porthmadog ta samu, aka shimfiɗa layin dogo na Ffestiniog aka buɗe shi a 1836. Tsawonsa mil 13 da rabi, faɗin tsakanin ƙarafunsa bai cika ƙafa 2 ba, don ya iya bin lanƙwasar tsauni. Hikimar James Spooner, wanda ya auna hanyar, ita ce ya sa ta gangara ba yankewa tun daga sama har ƙasa. Taragu masu kaya da kansu suke gangarowa, masu birki na zaune a kansu, dawakin da za su jawo su fanko zuwa sama kuma suna tsaye a tarago na baya ana sauko da su. Injin tururi ya karɓi aikin dawakin a 1863, fasinja suka fara shiga a 1865. Gobarar da ta cinye birnin Hamburg a 1842 ta buɗe kasuwar Jamus, wadda ta daɗe tana ciyar da garin. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 jama'ar yankin sun kusa 12,000.

Faɗuwar ta zo a jere. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rufe kasuwar Jamus ya kwashe samari, tayil ɗin masana'anta ya fi araha, daga baya dutsen Sifaniya ya cika kasuwa. A Yaƙi na Biyu, daga 1941, a cikin mahaƙar Manod aka ɓoye zane-zanen babban gidan adana hotuna na Landan saboda bama-bamai. Sai da aka rage tudun titi a ƙarƙashin wata gadar jirgi kafin motar da ke ɗauke da ƙaton hoton Sarki Charles na Ɗaya a kan doki ta wuce. Layin dogo na Ffestiniog ya tsaya a 1946. Oakeley ta daina aikin ƙarƙashin ƙasa wajen 1970, mahaƙar Maenofferen ta bi sahu a 1999. Yau mutanen garin ba su kai 5,000 ba.

Da aka shata gandun ƙasa na Snowdonia a 1951, wanda yanzu ake kira Eryri, sai aka zagaye Blaenau aka bar shi a waje, rami a tsakiyar taswira, wai ɓaraguzansa sun ɓata kyan wuri. Ni ban taɓa yarda da wannan hukunci ba. Garin da ya rufa wa birane asiri daga ruwan sama bai cancanci a ji kunyarsa ba. Shekara 70 bayan haka, a watan Yulin 2021, hukumar UNESCO ta sa yankunan dutsen allo na arewa maso yammacin Wales cikin kayan tarihin duniya, har da waɗannan tsibi.

Abin da garin ke ci yanzu ya fi karkata ga baƙi. Llechwedd ta fara shigar da masu yawon buɗe ido cikin zaurukanta tun 1972, ana tseren keke a gangaren ɓaraguzai, ana shawagi a kan waya a saman tsoffin ramuka. Masu sa kai sun farfaɗo da layin dogon, amma tashar lantarki ta Tanygrisiau, wadda aka buɗe a 1963 tana tura ruwa sama zuwa tafkin Stwlan da dare ta sako shi lokacin da buƙatar wuta ta yi yawa, ta riga ta nutsar da wani sashe na tsohuwar hanyar. Sai da suka fasa sabuwa, har da wata da'ira a Dduallt inda jirgi ke zagayowa ya haye kan layinsa don ya samu tsayi, kafin ya sake shiga Blaenau a 1982. Aikin baƙi na wani lokaci ne kawai a shekara, ba ya riƙe iyali shekara zagaye yadda dutse ya yi, kuma matasa da yawa suna fita neman abin yi.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarina daga inda muka tsaya, da yadda na fara zama da mutanen unguwar Tanygrisiau.