Sumul, kalmar da muke faɗa idan abu ba shi da huji

Idan ka tsayar da Bahaushe ka ce masa yaya ake cewa abu ba shi da rami ko huji, da wuya ya ba ka amsa kai tsaye, abin da zai fara tambayarka shi ne wane abu kake nufi? Saboda mu ramin ma ba suna ɗaya gare shi ba. Na ƙasa rami ne, na kunne ko na wake huji ne, kwano ko bokiti cewa muke ya ɓule, haƙori da bishiya kogo suke yi, bango tsagewa yake, riga ta kece, buhu ya yage, hanci da allura kuma kafa gare su. Wannan kafar ce ma muka ɗauka muka ba rediyo da talabijin da su Facebook, muke cewa kafofin watsa labarai, wato inda magana take samun hanya ta fita. Toh tunda ramin kala-kala ne dole rashinsa ma ya zama kala-kala, amma duk cikinsu wadda na fi ji a bakin mutane nan Gombe, a tasha da kasuwa da cikin gida, ita ce sumul.

Malaman Hausa suna kiran irin wannan kalma amsa-kama, 'yar'uwar su fat da wur da ƙirin da tsaf da garau, kuma in ka lura yawancinsu da baƙi suke ƙarewa alhali kusan duk sauran kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Asalin sumul santsi ne, abin da za ka shafa da tafin hannu ba abin da zai tsayar da kai, ba kaushi ba tudu ba kwari. Magini ya yi filasta ta yi sumul, kafinta ya goge katako ya yi sumul, mai ƙuraje ya warke fatarsa ta koma sumul. Daga nan ne ta faɗaɗa, mutum ya tashi daga ciwo ka tambaye shi yaya jiki ya ce ai na warke sumul, mace ta haihu a ce lafiya sumul ita da jariri, taro ya tashi ba rigima a ce an gama sumul ƙalau. Duk dai ma'anar ɗaya ce, ba wani wuri da ya lotsa ko ya ɓule.

Amma fa ba kowane rashin huji ne sumul ba, kuma nan ne nake ganin yaran yanzu suna cakuɗa abin. Idan abu dama ya kamata ya kasance da kafa sai kafar ta rufe, wannan toshewa ce, kuma ba yabo ba ne. Kwata ta toshe, hanci ya toshe da mura, famfo ya toshe, hujin kunnen yarinya ya toshe don an daɗe ba a sa mata ɗan kunne ba. Rariya da madambaci da sarewa duk hujin ne amfaninsu, ba wanda zai sayi rariya sumul. Idan kuma abu mai baki ne aka rufe shi yadda iska ba za ta shiga ba sai mu ce an rufe ruf, ko an ɗaure gam. Sumul kuwa maganar bayan abu take yi, abin da ido ke gani hannu ke shafawa, ba ta san abin da ke ciki ba.

Dattawanmu da suka yi zamanin fam da sule suna da wani rabo na kuɗi da ya dogara da huji. Anini da ɗari da kwabo na zamanin Turawa duk da huji a tsakiyarsu, ana jera su a zare, taro da sisi da sule kuwa ba su da shi. Har kwabon da Najeriya ta buga a 1959 mai huji ne, sai da aka koma naira da kwabo a Janairun 1973 sannan hujin ya ɓace, shi ya sa har yau in tsoho yana so ya nuna maka abu ya daɗe sai ya ce tun zamanin kwabo mai huji.

A tasha kuma sumul maganar titi ce. Ka shiga mota daga Gombe zuwa Bauchi, tafiyar sama da kilomita 150 ta Alkaleri da gadar Dindima, ko ka nufi Yola ta Kumo da Billiri da Kaltungo, tambayar da fasinja ke yi wa direba ita ce Malam yaya hanya? In ya ce daga nan zuwa wuri kaza sumul take sai ka ji hankalin kowa ya kwanta, in ya ce akwai ramuka toh kowa ya gyara zama. Kuma ramin titi ba rana ɗaya yake faruwa ba, 'yar tsaga ce kwalta take yi, ruwan damina ya bi ta nan ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙarƙashi ta yi laushi, tirela mai kaya ta taka wurin ya lotsa, wata ta zo ta ɓamɓare kwaltar, kafin watan Satumba ya zama ramin da ke karya shokoba da fasa taya. Shi ya sa ni titin da aka yi ba magudanar ruwa a gefensa ba na saurin yaba shi ko da ranar buɗewa yana ƙyalli, sai ya ga damina biyu uku tukuna.

Inda kalmar ta fi damuna dai shi ne wake, kuma shi nake so mu tsaya a kai.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na biye da ita, kuma mu nan arewa maso gabas muna cikin masu ciyar da kudu da shi, duk wanda ya taɓa shiga Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, bayan kaka ya ga yadda ake loda tireloli ya san haka. A wurin nan kuɗin wake a fatarsa yake. Mai saye zai zura hannu cikin buhu ya ɗebo ya baza a tafi, in ya ga huji ɗaya biyu sai ya fara cewa Alhaji ai wannan ƙwaro ya taɓa shi a rage mini, mai kaya kuma ya ce haba Malam duba da kyau, waken nan sumul yake ko huji ɗaya babu. Duk cinikin a kan wannan kalma yake tsayawa.

Abin da da yawa ba su sani ba, hujin da kake gani a jikin wake ba ta nan ƙwaron ya shiga ba, ta nan ya fita. Uwar ƙwaron tana manna ƙwanta ne a jikin kwanso tun a gona, ko a jikin ƙwayar waken a rumbu, in ka duba da kyau za ka ga ɗan ɗigon fari a manne. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta huda ta ƙarƙashin ƙwan ta shige ciki ta wata kafa da ido ba ya gani, ta zauna tana cin cikin waken kamar sati uku zuwa huɗu lokacin zafi, sai ta zama ƙwaro sannan ta yanke wannan zagayayyen hujin ta fito, ita ma ta zuba nata gomman ƙwai a kan sauran waken. Ke nan waken da ka saya yau sumul zai iya kasancewa da tsutsa a ciki, ka ajiye wata biyu uku ka buɗe ka tarar rabinsa gari ne, ka yi ta zargin mai kaya alhali shi ma bai gani ba.

Wannan ma da sauƙi, asarar kuɗi ce. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne waken da ya kai watan Yuni ko Yuli yana nan sumul ba don an adana shi da kyau ba sai don an yi masa wanka da magani. Tunda mu masu saye mun nace sai mara huji, kuma ba ma tambayar yadda aka yi ya zama mara hujin, wasu 'yan kasuwa da manoma sai suka koma zuba fiya-fiya kai tsaye a kan wake, wasu maganin feshin gona ma, wasu su jefa ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba cikin buhu ba tare da naɗe ta a tsumma ba, kuma a ɗakin da yara ke kwana. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin DDVP da aka riƙa samu a cikinsa, wanda shi ne ke cikin fiya-fiyan nan. Su sun samu damar gwadawa su ce ba sa so, mu kuwa shi ne ake mana ƙosai da alale da ɗanwake da shinkafa da wake, a ba yara su tafi makaranta. Wallahi duk lokacin da na ji an ce iyali guda sun kwanta asibiti bayan cin wake sai in ji ba daɗi, saboda na san matar da ta je kasuwa mafi kyan gani ta zaɓa wa 'ya'yanta, da niyyar alheri ta zaɓa.

Ni a wurina in damina ta yi nisa na ga wake mai huji nan da can, har da ƙwaro ɗaya biyu yana yawo a saman buhu, hankalina ya fi kwanciya da shi a kan wanda yake sumul tas ko ƙuda ba ya sauka a kansa. Mai hujin za ka tsince ka shanya a rana ka wanke ka ci, ba abin da zai same ka. Ba ina cewa duk wake sumul akwai guba a ciki ba, akwai masu tsoron Allah da yawa da ke adana nasu ta hanya mai kyau, amma a tambaya, kuma a sansana, in ka damƙi wake ka kai hanci ka ji warin magani ko wani wari kamar na kalanzir ka ajiye shi ko nawa aka rage maka.

Kuma hanyar da za a samu wake sumul ba magani tana nan, iyayenmu suna yi da toka ko yashi mai laushi su cika tsakanin ƙwayoyin yadda ƙwaro ba zai iya motsi ba, wasu su sa barkono, wasu su cika jarka ko duro su rufe ruf su liƙe bakin. A kan wannan dabarar ta hana iska aka yi buhun nan da ake kira PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, mu nan buhu mai leda biyu muke ce masa, ledoji biyu masu kauri a ciki sai buhun saƙa a waje. Ƙwaron da ke ciki shi da kansa yake shanye 'yar iskar da ta rage, in ta ƙare ya daina ci ya daina haihuwa ya mutu, ba ka sa komai ba. Sai dai duk aikin buhun ya rataya ne a kan abu ɗaya, ledar ta kasance ba huji ko na bakin allura. Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, toh nan ma kafa ɗaya ta isa iska ta shiga ƙwaro ya farfaɗo, mutum ya zo yana cewa buhun ƙarya ne.

Don haka kafin ka zuba wake ka gwada ledar yadda mai faci yake gwada tayar da ta sace, ka buɗe ta ta cika da iska ka murɗe bakin ka danna da hannu, in ta riƙe iskar lafiya lau, in tana sacewa akwai huji, ka nemo shi ka liƙe da salatif ko ka mayar da ita leda ta biyu ka sa sabuwa a ciki. Waken ya bushe sosai, a tsince tsakuwa da guntayen kara da kwanso saboda su ne ke huda leda daga ciki. Kowace leda a matse iskarta a murɗe bakin a lanƙwasa a ɗaure ta gam ita kaɗai, ba a haɗa ukun a ɗaure da igiya ɗaya ba, wannan kuskuren na sha ganinsa a ƙauyukanmu na wajen Kumo da Dukku. Kada a riƙa buɗewa kullum ana ɗiban na girki, wanda za a ci a ware shi daban tun farko. Sannan a ɗora buhun a kan katako, a ja shi nesa da bango kaɗan, a share kewayensa kada a bar tsabar hatsi a ƙasa, saboda ɓera in ya samu abin da ya jawo shi wurin a dare ɗaya zai huda ledojin duka biyu.