Baba ya sayi babur

Ranar Asabar Baba ya shigo gida a kan Honda Shadow 750 na hannu, baƙi wuluk, doguwar kujerarsa ƙasa-ƙasa. Gabana ya faɗi, don shekarunsa 63. Umma kuwa shiru ta yi, ta koma ɗaki.

Da na sa hoton a zauren abokaina masu manyan babura, sai gardama ta kaure. Masu Harley-Davidson suka ce ai wannan kwaikwayon nasu ne Japan ta yi, ƙarar injinsa ma ba ta kai ba. Wani mai son Indian, wato wani kamfanin babura na Amurka, ya tuna musu cewa nasu kamfanin ya fara a 1901, Harley sai 1903. Wallahi abin ya ɓata min rai, ba wanda ya tambayi lafiyar mai hawan.

Ni abin da na gani daban ne. Bayan la'asar Baba ya tsuguna yana goge bututun hayaƙin da tsumma, yana murmushin da rabona da shi tun da ya yi ritaya. Na ce, "Baba, don Allah a riƙa sa hular kwano." Ya ce, "To, ɗana, gobe ka raka ni mu saya."