Ƙwayoyi huɗu na injin, sauran na kowa

Kamfaninmu ƙarami ne, mu biyar ne har da ni. Muna haɗa kwamfutoci masu Linux ga waɗanda aikinsu ba ya jure jinkiri: masu injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke tuƙawa, masu ɗaukar sauti, da masu sabar kiran waya. Kusan duk wanda ya shigo cewa yake yana son na'ura mai gudu. In muka zauna na yi masa tambayoyi, sai in gano ba gudu ke damunsa ba. Na'urarsa tana amsawa a kan kari sau dubu, ta makara sau ɗaya, kuma wannan sau ɗayan ne ke ɓata masa ƙarfe ko ya tsinke muryar mai kira.

Furosesa ta yanzu ƙwayoyi gare ta da yawa, kowace da aikin da za ta iya ɗauka. A cikin kanel, wato zuciyar Linux, akwai mai rabon aiki wanda ba ya son ganin ƙwaya a zaune. Da ya ga ta samu sarari sai ya kwaso wani aikin ya ɗora mata. Ga mai rubutu ko kallon bidiyo wannan alheri ne. Ga manhajar da dole ta aika wa injin umarni duk milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, fitina ce. Abin da muke sayarwa ke nan: mu kewaye wasu ƙwayoyi da shinge, mu ce na wannan aikin ne shi kaɗai.

Da isolcpus na fara, umarnin da ake rubutawa a layin tayar da kanel. Yana aiki, amma in kana son sauya ko da ƙwaya ɗaya sai ka kashe na'ura ka sake kunnawa, mai masana'anta kuwa ba ya son jin wannan magana. Yanzu cpuset muka fi amfani da shi. Ba sabon abu ba ne, tun 2005 ya shiga Linux 2.6.12, aikin injiniyoyin SGI da Bull ne saboda manyan kwamfutocinsu. A cgroup na biyu, wato tsarin kanel na kasa ayyuka rukuni-rukuni, sai ka buɗe rukuni, ka rubuta lambobin ƙwayoyin a fayil ɗin cpuset.cpus, sannan ka rubuta root a cpuset.cpus.partition, ko isolated tun daga Linux 6.1 in ba ka son mai rabon aiki ya riƙa jujjuya komai a ciki. Duk wannan na'ura tana kunne. Abu na farko da nake koya wa sabon ma'aikaci shi ne ya sake karanta fayil ɗin bayan ya rubuta, don in ya karya doka kanel zai nuna masa invalid a wurin, shingen bai tsaya ba.

Shingen ma ba ya isa. Katin sadarwa da faifan ajiya suna katse furosesa don a saurare su, dole mu karkatar da kiran nasu zuwa ƙwayoyin gama-gari ta fayil ɗin smp_affinity, mu kuma hana irqbalance, manhajar da ke rarraba irin wannan kira a kan ƙwayoyi, mayar da su. Agogon kanel ma yana katse ƙwaya, yana bugawa sau 250 ko 1000 a daƙiƙa a yawancin na'urori. Umarnin nohz_full, wanda ya zo a Linux 3.10 a 2013, yana tsayar da bugun, amma sai in aiki ɗaya tak ke gudana a ƙwayar. Sai umarnin rcu_nocbs ya kwashe wa ƙwayar wata sharar da kanel ke yi a bayan fage.

Akwai wata kwamfuta mai ƙwayoyi 8 da ta taɓa cinye mini kwana biyu. Na keɓe 2 zuwa 5, na kori komai, amma cyclictest, ma'aunin jinkiri, bai daina nuna tsalle ba duk lokacin da aka fara kwafar fayiloli. Ƙaramin ma'aikacinmu ne ya leƙo ya ce, "Oga, ka duba tagwayensu kuwa?" Na buɗe thread_siblings_list na ƙwaya ta 2, fayil ɗin da ke nuna tagwayenta, sai ga 2,10 a rubuce. A wannan kwamfutar, kowace ƙwaya ta gaske Linux na ganinta biyu ne, ni kuma na kulle ƙofar gaba na bar ta baya a buɗe: 10 zuwa 13 suna ta ɗaukar aikin kowa a kan ƙarfe ɗaya da na injin. Tun ranar, taswirar ƙwayoyi muke fara bugawa kafin mu taɓa komai.

Inda muke yawan jayayya da mai kaya shi ne ranar da ya buɗe allon lura ya ga ƙwayoyi huɗu kusan a zaune, sauran suna haki. Wani ya taɓa ce mini, "Malam, kuɗin takwas na biya, me ya sa huɗu ke barci?" Na ce masa jira suke, kuma jiran ne ya saya. Bai gamsu ba, sai na cire shingen a gabansa, muka sa aka fara kwafar faifai, muka tsaya muna kallon lambar jinkiri mafi muni tana hawa. Bai kai minti biyu ba ya ce in mayar yadda yake.