Harafin K a harshen tangarahu

Jama'a, yau na iya buga harafin K da tsarin Morse, wato hanyar aika haruffa ta tangarahu da doguwar ƙara (ja) da gajeriyar ƙara (ɗigo): ja, ɗigo, ja. Wani dattijo maƙwabcinmu a Kakuri ne ya koya min, tsohon ma'aikacin reluwe. Ba mu da na'ura, cokali muka riƙa bugawa a kan tebur.

Ashe lamarin duk na kunne ne da lokaci. Tsawon ja ɗaya daidai yake da ɗigo 3, haka ma ɗan shirun da ake bari tsakanin harafi da harafi. In ka yi gaggawa sai haruffa su cakuɗe, mai sauraro ya ji wani abu daban. Baba ya ce, "Yaro, daina ƙirgawa, saurari kiɗan."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka raba alamomin. E, da ya fi yawa a Turanci, ɗigo ɗaya ne tak, T kuma ja ɗaya. Wayo ke nan, tun zamanin da Samuel Morse ya aika saƙonsa daga Washinton zuwa Baltimo a 1844.

Namu ɓ, ɗ da ƙ kuwa ba a yi da su ba, sai dai a ari B, D da K. Gobe in Allah ya kai mu zan gwada KADUNA gaba ɗaya.