Godiya Bayan Kammala Zangon Karatunmu Na Intanet A Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin malamai da matasa da matan aure da muka haɗu muka yi zangon karatun kwasa-kwasan kyauta na intanet a nan Tudun Wada, Kaduna, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana ƙarshen wannan zango lafiya, sannan ga dukkan waɗanda suka halarci ɗan taron da muka yi na raba takardun shaida ranar Asabar da ta gabata.

Da yawa daga cikin baƙinmu sun tambayi inda karatun ya fito da kuma wanda ya biya kuɗinsa, don haka ya kamata in yi bayani. Mafi yawan darussan mun ɗauke su ne daga OpenLearn, shafin da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta buɗe a shekarar 2006 domin ta ba jama'a wani ɓangare na karatunta kyauta. Ita kanta jami'ar an kafa ta a 1969 domin masu karatu daga gida. Akwai kwas ɗin da ake gamawa cikin 'yan sa'o'i, akwai kuma na sa'o'i 24 da aka tsara a kan mako 8, wanda ake yin 'yar jarrabawa a cikinsa. Wasu daga cikinmu sun leƙa wasu shafukan karatu na intanet, wato Coursera da edX, waɗanda aka kafa a Amurka a 2012, sai dai a can yawanci sai an biya kafin a karɓi takarda, shi ya sa muka fi karkata ga inda karatun da takardar duk kyauta ne.

Amma kyautar da jami'a ta yi daga Ingila ba ta isa Tudun Wada da ƙafarta ba, wasu bayin Allah ne suka ɗauko ta suka kawo mana har zaure, kuma su ne dalilin wannan rubutu. Godiya ta farko ga Alhajin da ya ba mu zauren gidansa, ya kuma bar mu muna cajin wayoyi da solarsa a lokutan da babu wuta, ba tare da ya taɓa nuna gajiya da shige da ficenmu ba. Muna kuma gode wa Hajiya mai shagon ɗinki, wadda ta riƙa saya wa ɗalibai mata data a duk farkon wata, ta kuma roƙe mu kada mu ambaci sunanta. Mun cika alkawari, amma Wanda ta yi domin Shi Ya san ta. Haka nan ƙanenmu mai shagon kwamfuta, shi ne ya nuna mana cewa ana iya sauke darussan OpenLearn a matsayin takarda a karanta ba tare da intanet ba, ya riƙa buga wa marasa babbar waya a farashi mai rahusa. Ba don wannan dabara ba, da yawancin matan da suka fara ba su kai ƙarshe ba.

Babban tarnaƙin da muka fuskanta shi ne Turanci, domin duk darussan da shi aka rubuta su, kuma Turancin falsafa da na ilimin zamantakewa ba irin na jarida ba ne. A nan ne wani dattijo, tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, ya zame mana gata. Yakan zauna da masu kwas ɗin tarihi ya warware musu da Hausa bambancin da ke tsakanin shaidar da aka rubuta a lokacin da abu ya faru da kuma sharhin da wani ya yi daga baya, da yadda ake tambayar kowace takarda wanda ya rubuta ta da abin da yake nufi da ita. Bai tsaya a baki ba, ya jagorance su zuwa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970 a gidan da Sardauna Sir Ahmadu Bello ya zauna, domin su ga irin takardun da ake magana a kansu da idonsu. A ganina wannan ziyara ta fi dukkan abin da suka karanta a waya zauna musu a zuciya. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Masu koyon Faransanci, waɗanda yawancinsu 'yan kasuwa ne masu hulɗa da Nijar da Kamaru da Kwatano, sun sami wata baiwar Allah da ta yi karatu a Maraɗi tana gyara musu lafazi. Malaman firamare kuwa sun fi son darussan halayyar yara da dabarun koyarwa.

Akwai abin da na faɗa a wurin taro wanda zan maimaita domin iyaye. Takardar da aka raba shaida ce ta cewa mutum ya bi kwas ya kammala, ba digiri ba ce, ba difloma ba ce, kuma ba ta maye gurbin takardar kowace makaranta. Tana da amfani idan an haɗa ta da takardun neman aiki, amma kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai mayar da ita wani abu daban. Wanda yake son digiri ta hanyar karatu daga gida, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya tana da cibiyar karatu a nan Kaduna, kuma can akwai rajista da kuɗin makaranta.

Muna gode wa Mai Unguwa da Liman da suka sa mana albarka, da mazajen da suka bar iyalansu suka fito karatu, da iyayenmu mata da suka yi ɗawainiyar abincin taro. Wanda muka manta ba mu ambata ba ya yi mana afuwa. Za a buɗe sabon zango bayan Sallah in Allah Ya kai mu, a zauren da aka saba, kuma duk mai sha'awa ya zo da adireshinsa na imel, wanda ba shi da shi za a buɗe masa a wurin.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bar zumunci. Wassalam.